Mu sayar da taurarinmu ko mu riƙe su? Maganar da ta kamata masoya balo na Damagaram su zauna su yi



Yau maganar balo za mu yi, kuma balon gida. Kullum a fadojinmu da gidajen kallo muna kwana muna gardama a kan wanda Real Madrid ta saya da wanda Barcelona ta saki, har mu san kuɗinsa da albashinsa da ranar da yarjejeniyarsa za ta ƙare. Amma idan yaron unguwarmu da ya fi kowa iya ƙwallo ya ɗauki jakarsa ya hau mota zuwa Yamai, sai dai mu ji labari bayan ya tafi. Ba mai tambayar nawa aka biya, wa ya karɓa, me aka yi da kuɗin. To tambayar da muke so mu ajiye a gaban jama'a ita ce: ya dace ƙungiyar gari irin tamu ta saki tauraronta don ta samu abin rainon ƙananan yara, ko kuwa ta riƙe shi ko ta halin ƙaƙa?

Kafin mu amsa, bari mu tuna inda muka fito. A shekarar 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar ƙasa. A shekarar 1984 Espoir FC ta Damagaram ta karɓa. Tun daga wannan shekara kofin gasar bai sake fita daga Yamai ba. Ku lissafa da kanku, sama da shekara 40 ke nan. Yaron da aka haifa a shekarar da Espoir ta ɗaga kofi, yau yana da iyali, wataƙila ɗansa ma ya isa buga ƙwallo. Dattawan da suka ga wancan zamani har yanzu suna ba da labarinsa, kuma suna da gaskiya su yi alfahari. Sai dai labari ba ya cin wasa.

Ku duba su wa ke cin kofin a shekarun nan. AS Douanes ta ma'aikatan kwastan, ASFAN ta sojoji, AS GNN ta rundunar tsaron ƙasa, AS SONIDEP ta kamfanin man fetur, USGN ta jandarmomi, Nigelec ta kamfanin wutar lantarki. Kowace a cikinsu akwai wata hukuma ko wani kamfani a bayanta, mai kasafin kuɗi da motoci da albashin wata. Ƙungiyar gari kuwa tana tsaye ne a kan aljihun mutum biyu ko uku masu kishi, da ɗan abin da aka tara a bakin ƙofa, da alkawarin da wani babba ya yi wanda sai an yi ta bibiya. Ga kuma nisa. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Takeita, Tasawa, Maraɗi, Konni, Dogon Dutsi da Doso. Ƙungiyoyin Yamai yawancin wasanninsu a cikin gari ɗaya suke yi, namu kuwa sai sun sha hanya, ga kuɗin mota, ga abinci, ga masauki, sannan su shiga fili da gajiya a ƙafa.

Duk wanda ya fahimci wannan ya san cewa rabin tambayar tamu ta riga ta amsa kanta. Tauraro zai tafi. Yaro ne ɗan shekara 20 ko 22, mahaifinsa na jiran ya kawo na cefane, ƙannensa na makaranta, shi kansa yana son ya yi aure. A nan ana ba shi ɗan ihisani idan an ci wasa, a can ana yi masa maganar albashi kowane wata da damar a gan shi a kira shi Mena. Wa zai ce masa ya zauna? Kuma da wane baki? Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, shekara goma ko goma sha biyu idan Allah ya tsare shi daga karaya. Wanda ya tare masa hanya da sunan kishin gari, alhali bai iya ciyar da shi ba, ya zalunce shi.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne a sayar. Amma a sayar yadda mai kiwo ke sayarwa. Mu mutanen Damagaram ba sai an koya mana wannan ba. Mai garke yana kai bijimi kasuwa, ya bar karsana a gida, domin ita ce garken gobe. Ba ya sayar da san huɗa ranar da ruwan shuka ya sauka. Kuma ba ya miƙa wa dillali igiya ya juya baya ba tare da an yi ciniki a gaban shaidu ba. Abin da ke damun ƙwallonmu shi ne ana sakin bijimin kyauta, karsana kuma babu.

Mu duba waɗanda suka bi wannan hanya da tsari. A Abijan, ASEC Mimosas ta buɗe makarantar horar da yara a farkon shekarun 1990, ƙarƙashin shugabanta Roger Ouégnin da Bafaranshe Jean-Marc Guillou. A 1998 ASEC ta ci kofin zakarun Afirka. Da aka zo wasan Super Cup a watan Fabrairu na 1999, sai ta fito da yaran makarantarta, akasarinsu ba su kai shekara 20 ba, suka doke Espérance ta Tunis da ci 3 da 1. A cikin yaran nan akwai Kolo Touré da Didier Zokora da Aruna Dindane. Daga baya makarantar ta fitar da Yaya Touré, Emmanuel Eboué, Salomon Kalou da Gervinho. An sayar da su, kuɗi ya shigo, aka raini wasu, kuma ASEC ta ci gaba da cin kofin ƙasarta. Abin lura a nan shi ne sai da aka yi shekaru ana rainon yaran kafin a dogara da su. Ba rana ɗaya aka kwashe manya aka zuba yara ba.

A Senegal ma haka. Mady Touré ya kafa Génération Foot a shekarar 2000, ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Metz ta Faransa. Ta wannan ƙofa Sadio Mané ya fita, da Ismaïla Sarr, da Pape Matar Sarr, da Lamine Camara. Duk da haka ƙungiyar ta ci gasar Senegal a 2017, da 2019, da 2023. Tana sayarwa tana cin kofi, saboda duk wanda ya fita akwai na bayansa da ya riga ya nuna.

Ba sai mun yi nisa ba ma. Kano nan kusa ce, ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana Kano Pillars, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester. Da ya tafi, Pillars ba ta rushe ba. Ta ci gasar Najeriya sau uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Me ya riƙe ta? Akwai manya da suka zauna, irin su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad, waɗanda suka san gidan, suka san filin Sani Abacha da magoya bayansa. Tauraro ɗaya ya fita, ginshiƙan gida suna nan. Shi kansa Ahmed Musa daga baya ya dawo ya sake sa rigar Pillars a 2021, saboda an rabu lafiya. Wannan darasi ne a gare mu: yaron da aka sallama da mutunci yakan dawo da alheri, wanda aka riƙe da ƙarfi ko aka cuce shi a ciniki ba ya waiwayowa.

To amma masu cewa kada a sayar ba shirme suke yi ba, kuma ya kamata mu saurare su da kyau.

Hujjarsu ta farko ita ce 'yan kallo. Mai kabu-kabu da ya ajiye babur ɗinsa da la'asar, ya fidda kuɗin da ya sha rana ya samu ya biya ƙofa, ba lissafin shekara biyar masu zuwa ya zo kallo ba. Ya zo ya ga wanda zai yanke mutum uku ya zura ƙwallo a raga. Idan aka ɗauke wannan yaro, gobe zai wuce gidan kallo ya kalli Turai, kuma da wuya ya dawo. Fili babu jama'a, ƙungiya ta mutu ko da tana da kuɗi a banki.

Hujja ta biyu ita ce faɗuwa. Gasar ƙasa ba ta jiran yaro ya girma. Ƙungiyar da ta saki mai ci mata ƙwallo a tsakiyar kaka tana iya tsintar kanta a rukuni na biyu, kuma kowa ya san sauka ta fi hawa sauƙi. A rukuni na biyu babu mai zuwa kallon yaranka, balle ya saya. Wato garin neman ƙiba an samo rama.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi: yaro mai tasowa alkawari ne kawai, ba a san abin da zai zama ba. Mu tuna 'yan ƙasa da shekara 17 na Nijar da suka je gasar duniya a Indiya a 2017. Sun doke Koriya ta Arewa da ci ɗaya mai ban haushi, suka kai zagaye na biyu, Ghana ta fitar da su. Duk ƙasar nan ta yi murna, kuma sun cancanci yabo. Amma kowa ya zauna ya ƙirga da yatsunsa nawa ne a cikinsu zai iya faɗin inda suke bugawa yau. Haka abin yake a ko'ina a duniya. Rauni, rashin abinci mai kyau, dillalin banza, zugar abokai, ko kuma girma ya tsaya, duk suna cinye yara masu baiwa. Wanda ya ba da tsuntsun da ke hannunsa don waɗanda ke kan reshe, sai ya tabbata yana da tarko.

Ko a Turai an ga haka. Southampton ta Ingila ta yi suna wajen sayarwa: ta sayar da Mané ga Liverpool a 2016, ta sayar mata da Virgil van Dijk a farkon 2018, ta yi ta samun riba. A 2022 ta kwaso yara ƙanana da yawa lokaci guda, a 2023 ta ƙare a ƙarshen tebur ta faɗi. Barcelona kuma ta karɓi yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017, ta zuba kuɗin a kan Dembélé da Coutinho, kuma masoyanta na nan garin sun san yadda aka ƙare. Ita ASEC ɗin ma da muke yabo, tun 1998 ba ta sake cin kofin zakarun Afirka ba. Sayar da taurari yana da farashi, kuma duk wanda ya ce babu, yaudarar jama'a yake yi.

Mun yarda da waɗannan hujjoji, amma ku lura da abin da suke nunawa. Suna nuna haɗarin sayarwa barkatai, da sayarwa a lokacin da bai dace ba, da ɓarnatar da kuɗin. Ba su nuna mana yadda ƙungiyar da ba ta da albashi za ta riƙe yaron da ake kira daga Yamai ko Kano ko Tunis ba. Idan ka ƙi sayarwa, yaron zai jira kaka ta ƙare ya tafi, ka tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai wani nau'in ciniki da muke so jama'a su yi hattara da shi, shi ne musaya. A zo a ce ku ba mu tauraronku, mu ba ku yara biyu ko uku su buga muku. A baki yana da daɗi, mutum uku a madadin ɗaya. Amma a tambaya: yaran nan an ba mu su ne ɗungurungum, ko aro ne? Idan aro ne, to mu ne za mu ciyar da su, mu ba su fili su koyi wasa, mu sha kunyar kurakuransu, ran da suka nuna kuma mai su ya aiko a mayar masa da kayansa. Mun zama masu kiwon tumakin wani, ba ko ladan kiwo. Ga kuma yaranmu na gida da za su zauna a benci saboda baƙi. Mu dai a ganinmu, Damagaram ba ta rasa yara ba. Ku zaga kowane fili da yamma, daga Kara-Kara zuwa Tudun Jamus, ku leƙa wasannin hutu na unguwanni da na ƙauyuka, za ku ga ƙafafun da ba a taɓa rubuta sunansu a ko'ina ba. Abin da muka rasa shi ne abin rainonsu. Don haka idan za a yi ciniki, a karɓi kuɗi da kaso, ko kayan aiki, ko yaron da zai zama namu da takarda. Musayar aro ba ciniki ba ce.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma aka fi sakaci da shi, wato takarda. Jama'a da yawa ba su san cewa dokokin FIFA sun tanadi haƙƙi ga ƙungiyar da ta raini yaro ba. Haƙƙin iri biyu ne. Na farko kuɗin horo, wanda a mafi yawan lokuta ake biyan ƙungiyoyin da suka horar da yaro tsakanin shekara 12 zuwa 21, idan ya sa hannu a yarjejeniyarsa ta farko ta ƙwararru a wata ƙasa, ko aka sayar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa kafin ya wuce shekara 23. Na biyu kuma kason zumunci: duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata alhali yarjejeniyarsa ba ta ƙare ba, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya, kowace shekara daga 16 zuwa 23 tana da rabin kashi ɗaya. Wannan kaso yana bin ɗan wasa har ƙarshen wasansa, ko sau nawa aka sayar da shi.

Bari mu buga misali da lissafi don a gane. A ce yaro ya zauna a ƙungiyarmu daga shekara 12 zuwa 19, da rajista. Shekaru huɗu na farko sun ba mu kashi 1, huɗu na biyu sun ba mu kashi 2, jimla kashi 3 cikin 100. A ce bayan wasu shekaru wata ƙungiyar Beljiyam ta sayar da shi ga wata ta Faransa a kan yuro miliyan 2. Yuro ɗaya sefa 656 ne, wato cinikin ya haura sefa miliyar 1 da miliyan 300. Kasonmu ya kama kusan sefa miliyan 39, muna zaune a Damagaram, ba mu je ko'ina ba. Ku tambayi duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiya a garin nan tafiye-tafiye nawa wannan kuɗi zai biya.

Kada wani ya ce wannan mafarki ne, ɗan Nijar ba ya kai wannan kuɗi. Moussa Maazou daga ASFAN ya tafi Lokeren ta Beljiyam a 2008, a 2009 CSKA Moscow ta saye shi a kan sama da yuro miliyan 4. Shi ne ya ci ƙwallon da Mena ta doke Masar a Yamai a watan Oktoba na 2010, a kan hanyar zuwa gasar Afirka ta 2012 ƙarƙashin Harouna Doula. Amadou Moutari kuma ba daga Yamai ya taso ba, daga Akokana ta Arlit ya fito, ya buga a Faransa da Yukren da Rasha da Hungari. Idan Arlit ta fitar, me zai hana Damagaram?

Amma duk wannan haƙƙi yana rataye ne a kan abu guda: sunan yaron ya kasance a rubuce a rajistar FENIFOOT, da lasisinsa, shekara bayan shekara, da sunan ƙungiyar da ta raine shi. Tun watan Nuwamba na 2022 FIFA ta buɗe wani ofishi a Paris da ke bin tarihin kowane ɗan wasa ta kwamfuta, ya karɓi kuɗin daga mai saye ya aika wa masu haƙƙi. Kwamfuta ba ta san cewa malam wane ne ya saya wa yaro takalminsa na farko ba, ba ta san wanda ya yi shekara shida yana tashinsa da asuba ba. Abin da aka shigar mata kawai ta sani. Idan sunan yaronmu ya fara bayyana a rajista ranar da ya isa Yamai, to a idon duniya Yamai ce ta raine shi, mu kuma sai dai mu ce ai ɗan unguwarmu ne.

A nan ne maganar shekarun haihuwa ta shigo, kuma sai mun gaya wa kanmu gaskiya. Rage wa yaro shekaru yana iya kawo kofin unguwa yau, amma yana kashe cinikin gobe. A gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ana duba ƙashin wuyan hannu da na'ura, kuma mai saye daga waje idan ya ga takardu biyu masu saɓani, ja da baya yake yi, ya kuma shafa wa duk garin baƙin jini. A yi wa yaro takardar haihuwa ɗaya, a tsaya a kanta. Iyaye kuma su sani cewa dokar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don buga ƙwallo, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan. Ahmed Musa kansa sai da ya cika 18 a watan Oktoba na 2010 kafin ya samu damar bugawa a Holan. Duk dillalin da ya zo ya ce ku sayar da gona ko shanu ku ba shi kuɗin jirgi zai kai ɗanku ɗan shekara 15 Turai, ku rufe masa ƙofa. Ƙungiyar gaskiya ita ke biya, ba ita ake biya ba. Mu da muke kan hanyar Agadas mun san inda irin wannan tafiya ke ƙarewa.

To mene ne muke nema? Sharuɗɗa ne kaɗan, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, duk ɗan wasan da ake ganin yana da gaba a yi masa yarjejeniya a rubuce ta shekara biyu ko uku, da haƙƙinsa a fili, kuma a cika masa. Wanda ba ka da takarda a kansa ba ka da abin sayarwa.

Na biyu, kada a sayar a tsakiyar kaka sai da dalili mai ƙarfi, kuma kada a saki fiye da ɗaya ko biyu daga cikin manyan 'yan wasa a shekara guda. A riƙe ginshiƙai: mai tsaron gida, babban ɗan baya, da wani dattijon tsakiya da yara ke jin maganarsa. Irin waɗannan ba su da tsada a kasuwa, amma su ne ke hana ƙungiya faɗuwa, su ne kuma ke koya wa yaro abin da koci ba zai iya koya masa daga bakin layi ba.

Na uku, duk cinikin da za a yi a sa sharaɗin kaso a ciniki na gaba. Idan ƙungiyar Yamai ta ɗauki yaronmu a kan ɗan kuɗi kaɗan, ta sayar da shi waje bayan shekara biyu, a rubuta tun yau cewa kashi 15 ko 20 namu ne. Sau da yawa wannan layi ɗaya ya fi kuɗin hannu daraja.

Na huɗu, kuɗin ya shiga asusun ƙungiya a banki, a kuma sanar da magoya baya nawa ne. Nan ne gizo ke saƙa. Dalilin da ya sa jama'a ke ƙin jin maganar sayarwa shi ne ba su taɓa ganin amfaninta da idonsu ba. Ran da aka ce ga kuɗin wane, ga ƙwallaye da riguna da aka saya, ga albashin masu horar da yara na shekara, gardama za ta ragu da kanta.

Na biyar, a ware aƙalla rabin kuɗin ga yara: rukunin 'yan ƙasa da 13, da 15, da 17, da masu horarwa da aka tura suka yi kwas, da rajistar kowane yaro, da gasar da za ta haɗa Mirya da Magarya da Matamai da Tanut da Gure da Damagaram Takaya, don kada baiwar ƙauye ta ƙare a ƙauye. Kuma a ɗaure abin da karatu. Cikin yara 100 da za a raina, 'yan kaɗan ne za su ci abinci da ƙwallo, sauran dole su fita da ilimi ko sana'a a hannu.

Wannan aiki ya fi ƙarfin shugabannin ƙungiya su kaɗai. Muna kira ga hukumar ƙwallo ta jiha ta sauƙaƙa rajistar yara ta kuma wayar da kan masu ƙananan ƙungiyoyin unguwa, domin su ne ke wahalar farko kuma su ne ake mantawa. Muna kira ga ma'aikatar magajin gari ta kare filayen wasa daga masu yanka fuloti. Muna kira ga attajiran Kasuwar Dole da masu kamfanonin sufuri, da matatar mai ta SORAZ da ke aiki a ƙasarmu tun 2011, su dubi wannan fanni. Idan kamfanin lantarki da na man fetur suna iya riƙe ƙungiya a Yamai har ta ci kofi, ɗaukar nauyin yara 60 a Damagaram ba zai gagara ba. Kowa ya san halin da matasanmu ke ciki da abin da zaman banza ke jawowa a unguwanni. Yaron da ke da atisaye ƙarfe huɗu na yamma da koci mai tambayar inda ya kwana, ya riga ya tsira daga abubuwa da yawa.

Mu ma magoya baya akwai namu. Mu daina zagin yaron da ya samu ci gaba muna ce masa maci amana. Mu daina zagin yaro ɗan shekara 17 da aka sa a wasa ya yi kuskure, domin wanda muke kuka a kan tafiyarsa ma haka ya fara. Mu je fili mu biya ƙofa ko da babu tauraro, mu kuma tambayi lissafi cikin ladabi ba tare da jin kunya ba. A kokowa, idan 'yan Damagaram suka shiga fili neman takobi, gari gaba ɗaya ke tsayawa a bayansu, wanda ya yi kaye da wanda aka kayar. Irin wannan tsayuwa ƙwallonmu ke buƙata.

Kakanninmu a zamanin Sarki Tanimun sun gina garin nan da fatauci tsakanin Kano da Agadas har zuwa Tarabulus. Sun san cewa kaya na shigowa su fita, mai hankali shi ne wanda ke sanin abin da ya rage masa bayan ayari ya wuce. Yaranmu za su ci gaba da tafiya, kuma muna yi musu fatan alheri. Abin da ya rage mana shi ne mu tabbata duk wanda ya tafi ya bar abin da za a raini goma a bayansa. Idan aka yi haka shekara biyar ko shida ba fashi, muna da yaƙinin za a sake jin sunan Damagaram a saman tebur, kamar yadda aka ji shi a 1984.

Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya tsare su daga karaya da mugun dillali, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.